Ramar da Aka Hana Yaya Sabi'u

Shekara takwas ke nan da rasuwar yayana, Alhaji Sabi'u, a birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi masa sadaka, in bar maganar a cikina. Bana na ce sai na rubuta, domin mutanen da suka tura shi suna nan daram, suna cin abincinsu suna gyatsa, kuma na ga sun fara juyowa kan ɗansa.

Yaya wakili ne. 'Yan kasuwar Kano su turo masa kuɗi, shi ya shiga kasuwar tufafi ta Baima da kantunan titin Guangyuan ya zaɓi kaya, ya loda a kwantena, ya tura gida. Ba shi da shago, ba shi da fili. Jarinsa kaf shi ne mutane su yarda da shi. Ni kuma jakunkunan mata nake sarowa a Shiling, wani gari a gefen birnin, kuma duk zuwan da na yi a gidansa nake sauka, don haka yawancin abin da zan faɗa ba ji na yi a bakin wani ba.

Siriri ya zo nan ƙasar Sin. A gida ma Sanda muke kiransa. Amma aikin nasa na zama ne: daga mota zuwa kujerar kanti, daga kujerar kanti zuwa mota. Sinawa ruwan zafi suke miƙo wa baƙo, shi kuma ya ce maƙogwaronsa bai san wannan ba, sai lemon kwalba ya zama ruwan shansa. Da safe shayi ne da madarar gwangwani har cokali ya kusa tsayawa a ciki. Bayan la'asar kuma akwai wani gidan abinci a saman bene, kusa da tashar jirgin ƙasa, inda 'yan Arewa suke majalisa. Shinkafa ce ke iyo a mai, ga naman rago, ga gasassun kaji, kowa yana ƙoƙarin ya nuna farantinsa ya fi na maƙwabcinsa tudu. A cikin 'yan shekaru Sanda ya ɓace, aka samu Alhaji.

Abin da ya fi ba shi dariya a lokacin shi ne ya shiga Baima ya ce yana neman riga daidai shi. Mai kanti ta dube shi sama da ƙasa, ta kaɗa hannu ta ce, "Meyo, lawban, meyo," wato babu, maigida, babu. Da yamma sai ya kai labarin majalisa, a yi ta shewa ana tafa masa: ƙasar Sin gaba ɗaya ba ta da rigar Alhaji Sabi'u! Manyan mutane da gemunsu, wasu sun je Makka ya fi a ƙirga, suna murna ɗan'uwansu ya fi ƙarfin tufafi. A lokacin kuwa ya riga ya koma sallah a kan kujera, saboda gwiwa ta ƙi ɗaukarsa.

Wata rana jiri ya kwashe shi a kasuwa. Likitan da ya duba shi bai yi masa kwana-kwana ba: suga ya hau, jini ya hau, ko ya rage jiki ko jikin ya rage shi. Yaya ya tsorata, kuma a ganina wannan tsoron shi ne hankali mafi girma da ya taɓa yi. Ya bar lemo. Ya koyi shan ruwan zafin da yake rainawa. Ya rage shinkafa, ya koma cin ganyen da Sinawa ke sulalawa. Da sassafe yakan fita wani lambun shaƙatawa kusa da gidansa ya yi ta zagaye, a tsakiyar tsofaffin Sinawa masu miƙe-miƙe da rawa.

Zuwan da na yi bayan wannan, na same shi wani mutum daban. Tun kafin in taso ya aiko mini da sabon awo, na kai wa telansa a Kano aka ɗinka masa kaftani na shadda ruwan toka. Ya saka, ya tsaya gaban madubi yana juyawa kamar ango. Da magariba ta yi na ga ya ture kujerar sallar gefe, ya kai goshinsa ƙasa. Da ya sallame ya ce mini, "Ƙanwata, rabona da sujada irin wannan har na manta." Ranar na yi kukan daɗi, ban ɓoye masa ba.

To, a nan ne mutanenmu suka nuna ko su waye. A wurinmu ƙiba ita ce shaidar samu. Mutum ya dawo daga tafiya a ce masa, "Kai, ka yi ƙiba, Masha Allah," shi kuma ya washe baki. Idan ya rame kuwa, ɗayan biyu ne: ko mugun ciwo, ko ya karye. Ba a san rama ta uku ba, wadda mutum ya nema da kansa. Mu mata ma ba mu fita ba, mu ne masu haɗiyar sha-ka-fashe kafin biki don kada a ce miji ba ya ciyar da mu.

Akwai wani a majalisar, zan kira shi Alhaji Ɗanjuma, ko da yake ba sunansa ba ne. Shi ma wakili ne, kuma mutanen da Yaya ke saya wa kaya sun daɗe suna ba shi sha'awa. Bai yi wa Yaya ƙarya kai tsaye ba, bai kai wannan jarumtar ba. Waya kawai yakan buga Kano ya ce, "Ni fa ban ce komai ba, amma in Sabi'u ya kira ku da hoto, ku dubi wuyansa." Sauran 'yan majalisa suka ƙara gishiri: an gan shi yana rawa da tsofaffin Sinawa, an gan shi yana cin ganye kamar akuya, mai kuɗi ba ya haka. Kafin a jima maganar ta zagaye kasuwa cewa kayan Sabi'u sun nutse a teku. Ba kayan da suka nutse. Amma manyan masu ba shi aiki suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya, suna ba shi haƙuri cikin ladabi.

Ranar da na ga kwalbar lemo ta dawo firjinsa na yi masa magana.

"Yaya, me likita ya ce maka?"

"Likita ba shi ke biyan kuɗin makarantar yara ba," in ji shi. "Ki fahimce ni. Ba wanda zai ba ramamme kuɗinsa ya riƙe. Bari in ɗan ciko kafin in je gida Sallah, su gan ni, hankalinsu ya kwanta. In na dawo sai in ci gaba."

Ya ciko kuwa. Ya je Kano da babbar riga da tumbinsa, aka rungume shi a kasuwa, aka ce alhamdulillahi Alhaji ya farfaɗo. Aiki ya dawo har ya fi na da. Kaftanin ruwan toka ya koma ƙasan akwati, kujerar sallah ta koma wurinta. Bai sake komawa lambun ba. Ba a rufa shekara biyu ba ya faɗi a wurin lodin kwantena, da rana tsaka, ɓarin jikinsa ya shanye. Bai ƙara magana ba har Allah Ya karɓi abinsa.

A nan Guangzhou aka binne shi. Babban ɗansa Muntari, wanda a lokacin yake karatu a wata jami'a a garin, shi ya gaya mini abin da ya ji da kunnensa a hanyar maƙabarta: masu ɗaukar makara suna ƙorafin nauyi. Su ɗin dai, 'yan majalisa. Su suka ɗora masa nauyin, su kuma suka kasa ɗaukarsa na 'yan taku kaɗan ba tare da tsaki ba. A wurin ta'aziyya kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Na yarda kwana ya ƙare, ni Musulma ce. Amma ban taɓa jin ɗayansu ya tura kwantena babu inshora ya ce ai in za ta nutse za ta nutse ba.

Nakan tambayi kaina abin da Yaya zai ce da zai leƙo yau. Ina jin da farko dariya zai yi, don yanzu Baima tana da rigarsa. Ba mai ce wa kowa meyo. Su kansu Sinawan da muka sani kamar tsinke sun fara cika. A kowace kwanar titi akwai shagon shayin madara mai zaƙi, yara sun yi layi, 'yan babur kuma suna kai wa mutane abinci har bakin ƙofa don kada a wahala da taku goma. Ciwon ya zama na duniya. Bambancin shi ne su sun san ciwo ne. Asibitocinsu sun ware ɗakunan duba masu ƙiba, a tashoshin jirgin ƙasa ana liƙa hotuna ana cewa a rage mai da gishiri da suga. Mu kuwa da aka ɗan sa wa lemon kwalba haraji a gida, na ji 'yan majalisa suna tsine wa hukuma, wai an shiga haƙƙin talaka. Ban san tun yaushe suka fara tausayin talaka ba.

Majalisar tana nan a saman benen. Wasu sun rasu, wasu an yanke musu yatsun ƙafa, wasu suna zuwa da allurar suga a aljihu, su yi a bayan gida su fito su ci gaba da shinkafa. Alhaji Ɗanjuma sai an riƙe shi yake hawa benen, amma bakin nan lafiyarsa ƙalau.

Muntari ne ya gaji aikin mahaifinsa, ya gaji kujerarsa a majalisa, ya kuma fara gadon jikinsa. Bara likita ya gaya masa suga yana bakin ƙofa. Ya kira ni ya ce, "Gwaggo, in na rame kin san abin da za su ce." Na ce na sani, na kuma san abin da suka ce a hanyar maƙabarta. Da zan taho bana na buɗe akwatin Yaya da aka mayar Kano bayan rasuwarsa, na ɗauko kaftanin ruwan toka, ko kalarsa ba ta sauya ba, na kawo masa. Na tarar ya riga ya fara fita lambun da sassafe, ya bar lemo, wuyansa ya fito.

Ranar Juma'ar da ta wuce kaftanin ya shige shi, da shi ya tafi masallaci. Da ya dawo ya ce mini a bakin ƙofa Alhaji Ɗanjuma ya tare shi, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Muntari, lafiya kuwa? Kasuwa dai lafiya ko?"

"Lafiya lau, Baba Alhaji," in ji Muntari. "Rigar Babana ce. Wadda kuka hana shi sawa."

Yaya bai bar gidaje ba, kwantenonin da ya loda kuwa an sayar da kayan an manta. Abin da ya rage nasa shi ne wannan kaftani, da sujadar da na gan shi ya yi ranar nan da magariba. Tun daga Juma'ar, mutum biyu daga Kano sun kira Muntari sun ba shi haƙuri cikin ladabi, sun ce za su ɗan dakata da turo aiki. Ya zo ya gaya mini. Na ce su dakata. Da magariba ta yi ya shimfiɗa darduma a daidai inda mahaifinsa ke ajiye kujera, ya kai goshinsa ƙasa.