Laimar Kwaɗi a Gindin Rumbun Goggo

Abin da na fara gani da muka isa gidan Goggo a Aujara shi ne wasu fararen abubuwa guda huɗu a gindin rumbu, inda ruwa yake kwanciya. Ɗaya ta karkace, tururuwa tana yawo a ƙarƙashinta.

Laimar kwaɗi ce! Kafin a ba mu ɗan hutun nan, malamin kimiyya a makarantarmu ta Dutse ya ce kowa ya kawo laimar kwaɗi ran Litinin, da ita zai ba da makin gwaji. Ya ce ita ba tsiro ba ce, ba kuma dabba ba. Ban gane ba, ban kuma iya ɗaga hannu ba. Abu ya fito daga ƙasa da damina, a ce ba tsiro ba ne?

Na durƙusa ke nan Goggo ta hango ni.

"Ke, tashi daga nan! Fitsarin kwaɗi ne yake tsirar da ita. Ki taɓa, ki sa hannu a baki, ki ja mini magana wajen ubanki."

Da ta shiga salla na tsinke babbar da kara, na sa a leda, na ƙulle tam yadda muke ƙulle kuka don kada iska ta shiga. Na tura ƙarƙashin gado.

Ran Lahadi na kwance ledar. Babu laima, sai wani baƙin ruwa mai wari. Na ruga gindin rumbu, ashe tuni Goggo ta watsa wa sauran toka mai zafi ta share.

Ina tsaye da leda a hannu Inna maƙwabciya ta shigo aron turmi. Iyayenta makiyaya ne, a ruga ta tashi. Ta leƙa ledar, ta tuntsure da dariya.

"'Yar birni, kin kashe ta da zafi! Wannan ma ba ta kirki ba ce. Ta jikin suri ita ce mahaifiyata take gasa mana da gishiri."

"A'uzubillahi," in ji Goggo. "Ku dai ba abin da ba kwa ci."

Malam ya ce ba tsiro ba ce, Goggo ta ce guba ce, ga Inna tana lashe baki. Motar Dutse kuwa da la'asar za ta tashi.

Na bi Inna har zaure.

"Inna, don Allah ki raka ni inda suri yake kafin azahar."