Alkamar Baba, Fulawar Baffa

Shekaranjiya da hantsi na kai niƙa injin da ke bakin kasuwa, sai na tarar da wata mata a gabana an zuba mata alkama. Da injin ya fara juyawa ƙamshin garin ya bugo ni, wani ɗumi mai garɗi kamar na ƙasar da aka yi wa yayyafi. Na tsaya riƙe da kwanona har mai injin ya yi mini magana ban ji ba. Ni ba a bakin kasuwa nake ba a lokacin, ina tsakar gidanmu na cikin garin Haɗeja, ina yarinya, gidan bai rabu biyu ba tukuna.

Bari in ba ka labarin gidan, mai karatu. Gida ne na 'yan'uwa biyu da mahaifiyarsu. Baba shi ne babba, manomi ne, gonarsa tana fadama a hanyar Auyo. Ƙanensa, wanda muke kira Baffa, yana da gidan burodi a bayan tasha. Kaka tana ɗakin tsakiya, ƙofarta na kallon sassan biyu. Da yake Baba ɗan fari ne, ba ta taɓa kama sunansa ba, kuma ba ta cika haɗa ido da shi ba. In za ta ambace shi sai ta ce "wancan". Baffa kuwa Auta take ce masa, ko da furfura ta fara fito masa. Kullum da magariba a zaure suke cin tuwo, kwano ɗaya. Ni da 'yar Baffa, wadda muke sa'o'i, mu ne masu kai kwanon da ruwan wanke hannu, kuma tabarma ɗaya muke kwana a ɗakin Kaka.

Na taso na ga Baba yana noman shinkafa da damina, in ruwa ya janye ya ɗan taɓa kamun kifi, ya kawo tarwaɗa Inna ta yi banda. Ana haka gwamnatin soja ta wancan zamani ta hana shigo da alkama daga ƙasashen waje, aka ce kowa ya noma tamu. Malaman gona suka zo da iri da taki, aka rarraba injinan ban ruwa. Baba ya karɓi ɗaya, ya yanka fangalai a gonarsa, ya shiga noman rani da ƙarfinsa. In sanyi ya kama, fadamar nan takan koma kore shar tun daga bakin kogi har inda ido ya tsaya, iska na kaɗa ta kamar ruwa. Lokacin girbi kuwa motoci ne ke zuwa daga Kano, ana saye tun a masussuka. A shekarun nan Baba ya yi wa ɗakunanmu rufin kwano, ya sayi babur, Inna ta daina jiran salla kafin ta yi mana alkubus da miyar taushe.

Dokar da ta ɗaga Baba ita ce ta danne Baffa. Fulawa ta yi wuya, wadda ake samu ta ɓarauniyar hanya kuma ta fi ƙarfinsa. Ya gwada alkamar gida, ya ce ba ta tashi yadda yake so. Ya gwada haɗawa da garin masara, burodin ya fito da nauyi, washegari ya yi tauri, masu shayi suka fara dawo masa da shi. Ya sallami yaran da ke masa kwaɓi. Wani makon tanderunsa ko wuta ba ya gani. Duk da haka a farkon abin ba su yi faɗa ba, tsokana ce kawai. Baba yakan ce burodin ƙanensa ya isa a yi jifan kare da shi, Baffa ya ce ai daga gonar wa aka samo dutsen, su yi dariya, su ci gaba da cin tuwonsu.

Siyasa ce ta mai da tsokanar gaba. Sojoji suka ce za su sauka su miƙa wa farar hula, aka kafa jam'iyyu biyu, aka ce kowa ya shiga ɗaya. Garinmu ya cika da motoci masu lasifika da hotunan 'yan takara. Wani babban mutum na jam'iyya ɗaya ya sauka fadama har bakin gonar Baba, ya tattare babbar rigarsa ya shiga cikin fangali, ya ce in suka hau ko ƙwayar alkamar waje ba za ta shigo ba. Na ɗaya jam'iyyar ya tara masu burodi da masu shayi da 'yan tireda a tasha, ya ce talaka ya gaji da tsada, in suka hau za a buɗe tashar jiragen ruwa kowa ya wadata. Yanzu da na girma na gane ba lallai ne manyansu na can sama sun taɓa zama a kan maganar alkama ba, kowanne ya duba fuskokin da ke gabansa ne ya faɗi abin da suke son ji. Amma Baba ya ɗauki tasa da gaske, Baffa ma haka.

Muna da maƙwabci malamin firamare, mutumin kudancin Kaduna, shi da iyalinsa sun daɗe a unguwar har 'ya'yansa ba su da wata Hausa sai tamu. Yakan zo zaure da rediyonsa bayan la'asar. Shi ne ya riƙa gaya musu cewa ƙasashen da a da suke sayar mana da alkama ba su ji daɗin dokar ba, suna ta matsa wa gwamnati, suna haɗa maganar da wasu abubuwan da ƙasarmu ke nema a wurinsu. Ya ce a ganinsa ba a Haɗeja za a yanke wannan hukunci ba, don haka kada su ɗora shi a kansu. Baba ya ce ai shi ya sa ake neman shugaban da zai tsaya. Baffa ya ce shugaban da zai tsaya a kan wuyan wa. Daga ranar hirar zaure ta fara gajarta. Kwano yana dawowa da saura.

Zaɓen 'yan majalisar tarayya ya faɗo cikin damina. A lokacin ba a ɓoye ƙuri'a, ƙato bayan ƙato ake yi: a kafa hoton ɗan takara, mai son sa ya tsaya a bayansa, a bi layi a ƙirga kawuna. An yi ruwa da asuba, filin makarantarmu ya jiƙe, ƙasa na manne wa takalma. Kaka ta ce ƙafarta na ciwo, ba za ta je ba, ko da yake da safen na gan ta tana shara. Ni da 'yar Baffa muka bi sauran yara muka tsaya gindin darbejiya muna kallo.

Layukan biyu kusa da juna suke, tsakaninsu bai wuce a miƙa hannu ba. Baba na cikin ɗaya, Baffa na cikin ɗaya, kusan kafaɗa da kafaɗa, kowa ya kafe idonsa a ƙeyar na gabansa. Malamin nan maƙwabcinmu yana cikin masu ƙirga. Sai wani ɗan bangar jam'iyyar su Baba, mutum mai son a ji shi, ya ɗaga murya ya ce wa Baba ga ƙanensa can a layin 'yan fulawa. Mutane suka yi dariya. Da Baba ya yi shiru, da shi ke nan. Amma ya juya, ya dubi Baffa, ya ce yadda kowa zai ji:

"Ni ba ni da ɗan'uwa a wancan layin."

Dariyar ta tsaya. Baffa ya dube shi ya ce, "Haka ka ce, Yaya?" Baba ya mai da idonsa kan ƙeyar na gabansa. Na ga malamin ya tsaya da ƙirgarsa, ya sunkuyar da kai, sannan ya koma farkon layi ya sake. 'Yar Baffa ta zare hannunta daga nawa, ba da fushi ba, kamar dai ta tuna ana kiranta a gida.

Da magariba muka kai tuwo zaure, Baffa bai fito ba. Washegari ma haka. Bayan 'yan kwanaki matarsa ta fara girkinta daban, aka kafa zana daga bakin rijiya zuwa jikin ɗakin Kaka. Kaka ta kira Auta ta yi masa faɗa, ya saurara, ya ce shi ba shi ya ce ba shi da ɗan'uwa ba. Wancan kuwa kunya ta hana ta zaunar da shi, sai dai ta tsaya a ƙofarta tana magana da bango, tana cewa ita dai ciki ɗaya ta san ta ɗauke su. Baba yana ji, ya ci gaba da ɗaure buhu a babur. Na tabbata a ransa ya san ya yi kuskure tun a filin. Sai dai shi mutum ne da bai iya janye magana ba, ga abokan jam'iyya kullum a ƙofar gida suna yaba masa, suna cewa ya nuna shi namiji ne.

Ruwa ya janye, sanyi ya shigo, Baba ya shuka alkama fiye da kowace shekara, har ya karɓi aron gonar maƙwabcinsa ya haɗa. Tana cikin yabanya, ta yi kyau ƙwarai, sai rediyo ya faɗi cewa gwamnati ta janye dokar, alkamar waje za ta ci gaba da shigowa. Sojojin da suka kafa ta su suka cire ta, ba su jira 'yan siyasar da aka yi layi dominsu ba. Da girbi ya zo motocin Kano ba su zo ba. Buhuna suka cika zauren da a da ake cin tuwo, har rufi. Ƙwari suka fara shiga. Inna ta yi ta mana taliya da finkaso har muka gundura, tana rabawa maƙwabta.

A nan ne Baffa ya yi abin da har yau in na tuna sai idona ya ciko. Ya je wurin Kaka ya ce ta gaya wa Yaya zai ɗauki alkamar, ya niƙa, ya riƙa haɗawa da fulawa kaɗan-kaɗan har ta ƙare. Kaka ta rasa yadda za ta faɗa wa ɗan farinta, sai ta faɗa wa Inna, Inna ta kai. Muna zaune Baba ya ajiye kofin da ke hannunsa ya ce, "A ce masa ya sayi ta Turawa, ai ita ya tsaya wa layi." Ya karyar wa wani ɗan kasuwa da alkamar a wulaƙance, daga baya ya sayar da injin ban ruwan.

Baffa ma bai ci ribar komai ba. Fulawa ta dawo, amma da tsadar da ba ta da bambanci da rashinta, ga burodin manyan kamfanoni ana sauke shi a tasha kowace safiya. Aka yi babban zaɓen shugaban ƙasa, aka ce an soke, jam'iyyun biyu ma daga baya aka rushe su, ofisoshinsu suka zama wurin kwanan awaki. Baffa ya rufe tanderunsa, ya kwashe iyalinsa ya koma Nguru. Ranar tafiyar ya durƙusa a ƙofar Kaka ya daɗe. Baba ya fita gona tun da sassafe, a lokacin da babu abin yi a gona.

Da Kaka ta rasu sun tsaya sahu ɗaya a sallar jana'iza, sun karɓi gaisuwa a tabarma ɗaya, amma abin da ya shiga tsakaninsu bai wuce "ya haƙuri" ba. Kowa ya ɗauka akwai lokaci. Shekaru suka tafi, na yi aure, na haihu, sai aka aiko Baffa ya rasu bayan gajeriyar jinya. Ni na raka Baba Nguru. Mun isa an riga an kai shi. Baba ya zauna a gefen tabarmar makoki, masu gaisuwa na wuce shi suna miƙa wa 'ya'yan mamacin hannu. Wani dattijo, aminin Baffa na can, ya tambaye shi daga ina. Baba ya ce daga Haɗeja, shi ne yayansa. Dattijon ya ce, "Allah Sarki, ashe yana da wa." A mota muna dawowa, har muka wuce Kirikasamma Baba yana ta kallon ruwan da ya malale a gefen hanya.

Baba yana nan da ransa, ya tsufa, ido ya yi rauni. Yanzu ma ga shi an shiga wata kakar siyasar, manya na ta sauya sheƙa, ana ta maganar a rufe iyaka ko a buɗe, wannan karon a kan shinkafa. Mutanen nan biyu, wanda ya shiga fangali da babbar riga da wanda ya yi taro a tasha, sun daɗe da komawa jam'iyya ɗaya, har sun haɗa 'ya'yansu aure. Matasan unguwarmu kuwa yanzu a waya suke zagin juna, wa da ƙane, a kan mutanen da ba su san da zamansu ba. In jikokin Baba suka fara irin wannan gardama a gabansa, ba ya goyon kowa, sai ya ce su tashi su ba shi wuri.

Ni da 'yar Baffa muna gaisawa a waya da salla. Muna tambayar lafiyar yara da maigida, mu yi wa juna addu'a, sai maganar ta ƙare, kowa na jiran ɗaya ya fara sallama. Bara ɗanta ya zo Haɗeja sarin shinkafa, ya kwana biyu a masauki kusa da kasuwa, ya koma. Sai daga baya muka ji. Da na tambaye ta me ya sa bai sauka a gida ba, ta ce in yi haƙuri, yaron bai san hanyar gidan ba, ita kuma ba ta so ya takura wa mutane.