Nan Kusa Ne, Inna

Seydou mutumin Maraɗi ne, direban babbar mota a Greensboro ta ƙasar Amurka, amma a masallaci Seydou Indiya ake ce masa. Shekarun baya ya raka wansa jinya Indiya, tafintansu ya kai shi ƙauyensu ya kwana. Har yau labarin wannan kwanan bai ƙare ba.

Ko suna ake ko buɗa-baki, da an ajiye faranti sai ya gyara zama.

"Jama'a kamar kiyashi, Alhaji, amma bas guda! In ta wuce da safe, sai gobe. Tsofaffi a kan rufi, akuya a cinya. Wannan rayuwa ce?"

Sai ya yi dariya yana kaɗa makullin mota. Dattawa kan ce Allah Sarki, su ci gaba da cin shinkafarsu.

Da hali ya samu, ya sayi gida a McLeansville, can bayan gari: gona a gaba, itatuwa a baya, ba maƙwabcin da zai ji tarinka. Bas ba ta bi ta nan, shi kuwa yana lissafa hakan cikin kyawun gidan. Ya ɗauko mahaifiyarsa, Inna Kouloussoum, daga Maraɗi, aka yi ta sa masa albarka, abin da ya fi so a duniya. Da safe shi ya fita, matarsa Rachida ta fita, yara su tafi makaranta. Inna ta samu taga mai faɗi.

Ƙawa ɗaya ta yi a ƙasar, Hajiya Aissa 'yar Damagaram, da ke East Greensboro. Sai mijin Aissa ya rasu.

"Seydou, ka kai ni gaisuwa."

"Nan kusa ne, Inna. Bari in dawo daga lodi."

Ya dawo a gajiye. Aka yi sadakar uku ba ita.

"Seydou, mutuwa ce hwa."

"Inna, na ce miki nan kusa ne. Wikend."

Bai yi ƙarya ba, a mota kusa ne. Sai dai a Maraɗi, in aka ce wa tsohuwa kusa, wurin da silifa ke kaiwa ake nufi.

Ranar sadakar bakwai yana kan hanya waya ta shigo, muryar wata mace da Hausar Jos.

"Sunana Hephzibah, nas ce ni. Kai ne ɗan Mama? Na same ta a bakin titi, tana tafiya cikin ciyawa, motoci suna wuce ta kamar iska. Haba, Malam! Ta ce gidan rasuwa za ta, na kai ta."

Abin da ya fara zuwa ransa shi ne wa da wa suka gani. Duk sun gani.

Da yamma ya tarar da falon Aissa cike da mata. Inna na tsakiyarsu, an sa mata ƙafafu a ruwan ɗumi, tana ɓare goro. Rabon da ya ji muryarta da ƙarfi haka, tun Maraɗi. Ya durƙusa ya yi ta'aziyya, sannan ya rage murya.

"Inna, tashi mu tahi gida."

"Aissa na takaba, ba ta da mai taya ta zama. Ka aiko mini da kayana."

"Inna, me mutane za su ce? Ga ɗakinki can, ga komai."

Daga waje aka ji bas ta tsaya a bakin layi, ta sauke mutane, ta wuce. Inna ta saurara har ƙarar ta ɓace.

"Ba komai, ɗana. Ai nan kusa ne. Sai ka riƙa leƙowa."

Takaba ta ƙare tuni, kayan ba su koma ba. A sunan da aka yi kwanan baya, wani dattijo ya tura wa Seydou faranti, ya ce, "Ina labarin Indiya?" Seydou ya ce shinkafar ta yi daɗi.