An kai lefen Hadiza shagon mai caji

Jama'a, yau saura kaɗan waya ta watsa auren ƙanwata Hadiza!

Dangin ango ne za su kawo lefe daga Sandamu, ba su san gidanmu ba. Na ce abu mai sauƙi, na tura wa yayar ango lokeshin, taswirar nan mai bin wayata duk inda ta je. Sai aka ɗauke wuta. Na kai wayar shagon Sale mai caji kusa da rijiyar Kusugu, na dawo muka shiga girki.

Can sai ga maƙwabciyarmu a guje: "Maman Ummi, ga baƙinku can suna guɗa a bakin titi!"

Na zari mayafi. Ina zuwa, mata sun sauke akwatuna a ƙofar shagon Sale, mutane sun taru. Gwaggon ango ta cika fam.

"Mu za a wulaƙanta? Gidan amaryar ke nan?"

Na durƙusa na ce, "Gwaggo, sannunku da hanya. Wayata ce ta fito tarbarku."

Sai Sale ya leƙo: "Hajiya, waya kaɗai muke karɓa. Amma in da amarya a cikin akwatin, ku shigo da shi!"

Gwaggo ta riga kowa fashewa da dariya.