Mama Magdalina Mai Gyara Gefen Shafi

Kafin masu keke-napep su cika titin Kpakungu, Mama Magdalina Zamani ta riga ta buɗe shagonta. Takan share ƙofa, ta yaye zanin da take lulluɓe kwamfuta da shi, ta goge tabarau da bakin ɗankwali, sannan ta zauna. Da tafireta ta fara buga wa mutane rubutu, tun ba a haife mu ba. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, idanu sun gaji.

Duk ɗalibin da ya taɓa kai mata furojet yana da labarinta. Munzali, maƙwabcinta mai yi wa littattafai bango, ya ce bai taɓa ɗinke aikinta zare ya ci harafi ba, don kullum tana bar masa fili a hagu.

Ni da goyo a baya na yi digirina. An ce ba zan kai ba, na ci gaba da karatuna. Da hannuna na buga furojet ɗina a kan ruwan madatsar Tagwai. Malamina yana da al'ada, duk shafin da ya amince da shi sai ya sa hannu a ƙasansa. Ya sa hannu a babi uku da shafin da ke jera lambobin babi-babi, ya yi tafiya, ya bar wa mataimakinsa sauran. Ranar ƙarshe ta miƙa aiki Munzali ya nuna mini cewa teburan alƙaluma na babi na huɗu sun matso hagu, ɗinki zai haɗiye sunayen ƙauyukan da na ɗebo ruwa. Da na taɓa gefen shafin a kwamfuta, sai rubutun duka ya motsa, lambobin shafuka suka saɓa da abin da malam ya sa wa hannu. In ofis ya tashi ban kai ba, sai baɗi.

Da goyona a baya na tarar da Mama cikin ankon zumuntar matan coci, tana sa wa shago kwaɗo. Ban saba roƙo ba, sai na tsaya kawai.

"Ke mai taurin kai, wa ya mutu?" in ji ta.

"Gefen shafi ne, Mama."

"Shafi ne zai sa ki wannan fuska? Munzali, karɓi mijina ka riƙe, uwarsa ta rikice."

Munzali ya karɓi ɗana yana cewa, "Mama, in ya yi mini fitsari ke za ki wanke rigar."

Ta datse rubutun daidai farkon babi na huɗu, ta tura teburan dama su kaɗai, inda suka ƙare ta mayar da awon shafi yadda yake a da. Layi ɗaya ya tsallaka sabon shafi, ya ture babi na biyar gaba. Ta yi ta rage filin sama kaɗan-kaɗan, hanci kusa da gilashi, ido na ruwa, har layin ya koma gidansa. Ana cikin bugawa aka ɗauke wuta. Ta tattare anko ta ja janareto da kanta. Matan coci suka kira ta a waya, ita ce mai ba da waƙa. Ta ce, "Ku fara, Allah yana jin ku ko babu ni."

Munzali ya ɗinke, na kai ofis, mataimakin malam ya sa hannu yana tattara jaka. Na gama tare da 'yan ajinmu.

Mama, ke ce uwar ɗalibai. Sunanki bai hau bangon ko ɗaya daga littattafan da kika raina ba, amma mun san hannun da ya tsayar da su. Mun gode, Allah ya huta da idanun nan. Mu kuma da muka samu kujera a ofisoshi, ranar da wani ya iso muna rufe ƙofa, ya kasa buɗe baki ya roƙa, mu tambaye shi abin da ya faru.