Gado Mai Mujiya da Injin Assétou

Gado ɗan gidan masu goro ne. Kakansa ya sauka Zongon Kotonu da huhun goro ya kafa rumfa, ubansa ya gaji rumfar, kowa kuma ya ɗauka shi ma a nan zai tsufa yana yayyafa wa goro ruwa. Sai dai shi tun yana saurayi hankalinsa na wurin kiɗa. In aka bar masa rumfa, mai saye sai ya yi ta sallama har ya gaji, Gado ya karkata kai yana sauraron rediyon wani shago. Da uban ya ga goro na bushewa a hannunsa, sai ya sallame shi, ya ce ya je ya nemi abin da zai iya.

Abin da ya iya shi ne sayar da kaset. Ya kafa tebur a Tokpa-Hoho, gefen kasuwar Dantokpa, yana sayar da waƙoƙin Kano da na Yamai da na Indiya. Ya yi shekaru a haka, amma abu guda na cin ransa. Mawaƙan Zongo suna zuba waƙa a gidan biki da gidan suna, a ci shinkafa, a watse, waƙar ta bi iska. Babu ko ɗayansu a kaset. Sai ya kama ɗaki a Zongo, ya sayi tsohuwar na'urar ɗaukar murya, ya lulluɓe bango da kwalin ƙwai da wata katifa da matarsa ta daɗe tana neman dalilin yar da ita. Ya sanar wa jama'a cewa ya buɗe kamfanin waƙa mai suna Muryar Zongo.

Saura allon suna. Ya tafi unguwar Gbégamey wurin wani mai rubutun allo wanda ba ya jin Hausa, ya faɗa masa sunan a bakin titi, babura na ta ƙara. Da allon ya iso, sai ga MUJIYAR ZONGO da jan fenti. Mai rubutun ma ya tambayi wani mahauci ma'anar kalmar, don haka ya yi wa Gado gyara, ya zana tsuntsuwar a gefe da manyan idanu. Gado ya ɗauki allon a ka ya koma Gbégamey yana huci, aka ce masa mutumin ya tafi ƙauye jana'iza, kuma jana'izar can ba ta ƙarewa da wuri. Ya jingine allon a ƙofa don ya jira. Kafin mutumin ya dawo, unguwa duk ta koma kiransa Gado Mai Mujiya, har surukarsa. Sai ya nemi ƙusa ya kafe allon.

Mawaƙinsa na farko ɗan zemijan ne, cikin masu ɗaukar fasinja a babur da rigarsu ruwan ɗorawa. Sunansa Fataou. Gado ya hau bayansa wata rana, ya ji yana rera waƙa yana lallashin babur ɗinsa, wanda ba ya tashi da safe sai an roƙe shi. Yana kiransa masoyiya, yana tuna masa man da ya sha jiya. Gado ya saurara har suka wuce inda zai sauka, suka kusa barin gari.

Ranar ɗaukar waƙar, Fataou ya zo da sabon aski, ya tsaya gaban makirfo, ya buɗe baki. Nan take bango ya fara rawa. Bayan bangon, maƙwabciyarsu Assétou, mutuniyar Jugu, ta tayar da injin markaɗenta. Gado ya zagaya ya tarar da mata a layi, kowace da kwanon wake ko na tumatir.

"Yaya Assétou, don Allah ki ɗan kashe injin nan. Waƙa muke ɗauka."

"Ƙanena, waƙar ce matan nan za su zuba wa mazajensu da rana?"

"Ɗan lokaci kaɗan ne."

"To, faɗa musu da bakinka."

Gado ya dubi matan, matan suka dube shi, ya koma ɗakinsa. Suka gwada gobe, suka gwada jibi, injin bai fasa ba. Da Fataou ya gaji, sai ya daina kokawa da ƙarar, ya fara bin ta. Injin na tuk-tuk-tuk, shi kuma yana ɗora baitinsa a kai, yana kaɗa kafaɗa. Gado ya danna maɓalli yana cewa a ransa ko banza a samu abin nuna wa mutane.

Kaset ɗin ya tashi kamar gobara. 'Yan zemijan suka haddace shi, masu shayi suka sa shi tun safe, direbobin manyan motoci suka kai shi har Malanbil. Kowa na tambayar wace irin ganga ce wannan mai daɗi. Gado ya gyara hula ya ce sabon kayan kiɗa ne, daga waje aka kawo, ba kowa ke iya sarrafa shi ba.

Da ya ga ya zama babban mutum, sai ya ce kaset na biyu ba za a yi shi a ɗakin kwalin ƙwai ba. Ya kwashi Fataou zuwa wani ɗakin ɗaukar waƙa na gaske a unguwar Vêdoko, mai gilashi da sanyi, inda ko tarin sauro ba a ji. Waƙa ta fito tas. Sai masu saye suka fara dawo da kaset ɗin suna cewa jabu aka ba su, babu gangar a ciki. Wani mai nama ya ce wa Gado ya ji kunya, mutum ya riƙa yi wa kayan kansa jabu.

Gado ya sayi lemo mai sanyi ya zagaya bayan bango. Assétou ta saurare shi tana goge hannu a zani. Ashe ta daɗe da gane muryar injinta a rediyon mai shayi, zuwansa kawai take jira.

"Daga waje aka kawo, ko? Gaskiyarka. Daga wajen ɗakinka."

"Yaya, a rufa wa juna asiri."

"Asiri ya rufu in sunana ya hau kwalin kaset. Da hoto. Kuma ni zan faɗi lokacin aiki, don mai kiɗa ba a yi masa gaggawa."

Haka kaset na uku ya fito da hoton Fataou kan babur, Assétou a gefensa da sabon ɗankwali, hannunta kan injin. Gado ya zaci za a yi masa dariya har ya bar gari. An yi dariyar, an kuma saye kaset ɗin kaf. Daga nan Assétou ta zama gwana. Ita ke cewa waƙar soyayya sai da markaɗen tumatir, ta habaici kuwa sai masara, don ta fi nauyi. Ranar da bel ɗin injin ya saki, sai ta aiko a ce yau ba ta da murya. Mujiyar Zongo ta ɗauki mawaƙan biki, ta ɗauki 'yan mata masu waƙar amada, har da wani malami mai wa'azi, wanda shi kaɗai Assétou ta taɓa kashe wa inji, shi ma bayan ya yi mata addu'a doguwa.

Sai zamani ya juya. Faifan CD ya kori kaset, waya ta kori faifan. Fataou ya koma Paraku tuƙin mota. Assétou ta sayi injin lantarki mai gurnani ɗaya babu hawa babu sauka, ta ce ta yi ritaya daga kiɗa. Gado ya sauke farali, ya dawo ya cika ɗakin da cajar waya da abin sauraro na kunne, ya zama dattijo mai sahun gaba a masallaci.

'Yarsa Nadjoua ce ta tono kwalin tsofaffin kaset bayan ta gama makarantar sakandare. Ta juye waƙoƙin a waya, ta ce za ta sa su a intanet, amma sai da ɗan bidiyo, kuma shi ne zai taka rawa a ciki.

"Ni? Da gemun nan? Kin manta na je Makka?"

"To Baba, ƙafafu kawai zan ɗauka. Wa zai gane ƙafa?"

Ya yi tunani, ya leƙa waje, ya rufe ƙofa. Ta sa waƙar babur, ya tattare riga ya taka yadda ake takawa a da, da ɗan jan ƙafar hagu. Bidiyon ya zagaye wayoyin Kotonu, samari suna kwaikwayon takun, ana ta gardamar ko ƙafar wace ce. A Zongo babu wanda ya yi gardama. Kowa ya san silifas ɗin nan mai koren maɗauri da aka ɗinke da baƙin zare, kowa ya san babban yatsan da ya karkace.

Ranar Juma'a a masallaci Gado ya lura babu mai kallon fuskarsa wajen gaisuwa. Duk idanu na ƙasa. Wani abokinsa ya matso bayan sallama ya ce, "Alhaji, ashe har yanzu gwiwar da sauranta." Ladan ma da ya zo wucewa sai ya ɗan ja ƙafar hagu, ya yi kamar tuntuɓe ya yi.

Washegari Gado ya shiga Dantokpa ya sayi takalmi sau-ciki da safa, a zafin Kotonu. Nadjoua ta kwashe cajojin waya gefe, ta sake buɗe ɗakin, samarin unguwa suka fara zuwa ɗaukar waƙa da kwamfuta. Ita ke tafiyar da kamfanin yanzu. Shi kuma yana zaune a ƙofa kan benci da carbi, gumi na tsiyaya cikin safa, yana gaya wa duk mai tambaya cewa ya bar harkar kiɗa. Nadjoua ba ta tambayarsa ra'ayi kan sabuwar waƙa. Leƙowa take ta dubi takalmin, in ta ga yana motsi, sai ta ce wa mawaƙin a saki waƙar.