Malam Tanko da Akun da Ya Ƙi Gwanda

Duk wanda ya saba bi ta Gyadi-Gyadi zuwa babban asibiti ya san teburin Malam Tanko, ko da bai san sunansa ba. A gindin wata darbejiya yake, gab da inda masu adaidaita sahu ke sauke 'yan dubiya. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan yana jera lemo da ayaba da gwanda a wurin, yana yayyafa musu ruwa a hankali kamar mai shafa kan jikoki. Dogo ne siriri, ba shi da yawan magana. Wani lokaci sai mai saye ya yi sallama sau biyu kafin ya amsa, don idonsa na kan titi amma hankalinsa ya lula wani wuri.

A wani ƙauye kusa da Rano aka haife shi, gidan masu lambu. Yana ƙarami mahaifinsa kan ajiye shi a bakin fadama ya kori tsuntsaye, shi kuwa sai ya kishingiɗa ƙarƙashin gwaiba ya bar su su yi ta ci, yana kallon yadda kowanne ke riƙe abincinsa. Ya sha faɗa a kan haka, bai daina ba. Da ruwan fadamar ya ja baya sai ya shigo Kano, ya yi dako a kasuwar 'Yan Lemo, ya tura baro, har Allah ya ba shi teburinsa. Ya auri Hajara, suka zauna a Unguwa Uku, suka aurar da 'ya'yansu mata uku, gidan ya yi tsit.

Akun ya zo hannunsa ne bagatatan. Akwai wani ɗalibin likitanci, Mu'azu, da ya shekara shida yana sayen ayaba a wurinsa. Da ya gama karatu aka tura shi aiki wata jiha mai nisa, ranar tafiya sai ga shi da keji lulluɓe da tsohon zani.

"Baba, na rasa inda zan kai shi," in ji Mu'azu. "Kai kaɗai na taɓa gani kana yi wa kurciya magana."

Malam Tanko ya ɗaga zanin. Tsuntsu ne toka-toka mai jar jela, ya karkata kai ya dube shi da ido ɗaya, sannan ya yi kukan jiniyar motar asibiti sak, har wani mai adaidaita ya kauce gefen titi. Tun ranar Malam Tanko ya raɗa masa suna Ɗan Kurmi, tunda an ce daga kurmi ake kawo irinsu.

Ɗan Kurmi ya taso ne a ɗakin ɗalibai, abincin ɗalibai kuma ya sani: soyayyiyar gyaɗa mai gishiri, biskit, da burodi jiƙe da shayi. Malam Tanko ya ci gaba da ba shi abin da ya saba. Kullum da safe yakan rataya kejin a reshen darbejiya, da yamma ya koma da shi gida. Amma bayan wasu watanni sai gashin tsuntsun ya dusashe, ya fara tsige na ƙirjinsa da baki, ya rage surutu, yana wuni a takure ido rabi a rufe.

Wadda ta fara lura ita ce Sista Maryam, ma'aikaciyar jinya da ke zaune a Daurawa, wadda kan tsaya sayen lemo in ta tashi aiki.

"Baba, me kake ba wa tsuntsun nan?"

Ya lissafa mata. Ta riƙe haɓa.

"Kana zaune a tsakiyar kayan marmari, kana ba shi shayi da biskit? Ni dai mutane na sani, amma bari in tambayi wata ƙawata likitar dabbobi."

Kwana biyu ta dawo da bayani. A daina gishiri, a daina shayi. A rage gyaɗa sannu sannu, kada a yanke masa lokaci guda ya zauna da yunwa. A ba shi ganye, da gwanda, da karas, da dawa ko gero da aka jiƙa. Fiya kuwa ko da wasa kada ta shiga bakinsa, guba ce gare shi.

Malam Tanko ya ɗauka abin mai sauƙi ne. Washegari ya zaɓi gwandar da ta fi kowacce nuna, ya yayyanka ta ƙanana, ya zuba a kwanon kejin. Ɗan Kurmi ya sauko, ya leƙa, ya ɗauki yanki ɗaya ya jefo waje. Ya ɗauki na biyu ya jefo. Haka ya yi har kwanon ya koma fayau, sannan ya hau sandarsa ya juya baya. Aka kawo karas, haka. Aka gauraya alayyafo da gyaɗa, ya tsince gyaɗar tas ya bar ganyen. Sista Maryam ta ce an ce in ya ga ana ci shi ma zai ci, don haka Malam Tanko ya riƙa zama gaban kejin yana cin gwanda yana lashe baki yana cewa, "Kai, daɗi!" Cikin mako guda Ɗan Kurmi ya iya lashe baki, ya iya cewa "Kai, daɗi!" da muryar mai gidansa, amma bai taɓa gwandar ba.

Hajara ta yi dariya har da hawaye.

"Malam, kai ne dai ka yi ƙiba a jinyar nan."

Shi bai yi dariya ba. Abin ya tsaya masa a rai. Da rana, in kasuwa ta lafa, inuwar darbejiya na rawa a kan lemo, sai ya zuba wa tsuntsun ido yana tunanin ƙasar da irinsu suka fito. Shi Malam Tanko bai taɓa wuce Kaduna ba. Wata safiya a 'Yan Lemo ya tari Rabi'u, direban babbar mota da ke ɗauko ayaba daga kudu, ya tambaye shi me aku ke ci a can.

"Baba, ai ba ka gan su ba," in ji Rabi'u. "Da sassafe, hazo bai gama tashi daga kan itatuwa ba, sai ka ji su tun kafin ka hango su. Garke guda, jelarsu kamar an watsa garwashi. Kan bishiyar manja suke sauka, su yi ta fasa kwakwa."

Malam Tanko ya ɗauki wannan magana ya tafi da ita. Yana yanka kankana yana ganin hazon. Ƙarar motocin titin Zariya ta koma masa kamar ruwa na zuba a kan manyan ganyaye. Har ya riƙa jin kamar shi ma ya taɓa tsayawa a gindin waɗancan itatuwa, ƙafarsa cikin danshi, yana ɗaga kai.

Da Rabi'u ya sake dawowa ya kawo masa kwakwar manja jajaye cikin leda. Malam Tanko ya yi ta sauri zuwa gida, ya saka ɗaya a kejin. Ɗan Kurmi ya tsorata, ya manne a saman keji yana ihu, bai sauko ba sai da aka cire ta. Malam Tanko ya daɗe zaune da kwakwar a tafin hannunsa.

"Ashe bai san gidansu ba," ya ce wa Hajara a hankali.

Mafita ta zo ne ta inda ba a zata ba. Wata Juma'a da damina, an ɗauke ruwa da hantsi, tsakar gida na ƙamshin ƙasa. Malam Tanko bai fita kasuwa ba. Hajara ta shimfiɗa tabarma tana tsinke zogale, ga faifai a gefenta da attaruhu da tumatir. An bar ƙofar keji a buɗe don tsuntsun ya sha iska. Ɗan Kurmi ya sauko, ya taho yana tafiyar nan tasa ta gwame, ya zagayo ta bayanta, ya cafke attaruhu ɗaya.

"Kai! Ajiye min!" Hajara ta daka masa tsawa.

Ya kwasa da gudu ya shige bayan turmi. Suka leƙa. Ga shi tsaye da ƙafa ɗaya, ɗayar riƙe da attaruhu, yana ɓantara yana cin 'ya'yan ciki, ko a jikinsa. Da ya gama ya dawo ya fizgi reshen zogale.

Hajara ta dubi mijinta. "Malam, tsuntsun nan ba ya son kyauta. Abin da aka hana shi yake so."

Daga ranar suka sauya dabara. Malam Tanko kan yanka gwanda ya ajiye a faranti kusa da gwiwarsa, ya ɗaga yatsa ya ce, "Kada ka kuskura ka taɓa." Sai ya juya kai kamar mai kallon gajimare. Ba a jimawa zai ji ƙarar farce a kan tabarma. In ya waiwayo ya ce "Ɓarawo!", Ɗan Kurmi ya ruga bayan turmi da ganimarsa. Haka aka sace gwanda, aka sace karas, aka sace ɗanyar masara da jiƙaƙƙiyar dawa. Wasu ranaku ya ƙi, ya yi ta kiran shayi, Malam Tanko ya kusa karaya. Kwakwar manja ma sai da ta yi wata biyu tana zuwa tana komawa kafin ya yarda ya fasa ɗaya.

Kafin kaka ta ƙare sabon gashi ya rufe ƙirjinsa, mai laushi kamar audugar rimi, jelar ta yi ja wur. Sista Maryam ta tsaya gaban kejin ta daɗe tana kallo.

"Baba, da marasa lafiyata za su ji magana haka, da na huta."

"Ai shi ma bai ji ba, 'yata," in ji Malam Tanko. "Lallaɓa shi muka yi."

Yanzu gyaɗa sai ɗanya, ƙwaya uku ko huɗu bayan la'asar. Kankana ce kaɗai har yau bai yarda da ita ba, ko an ɓoye, ko an hana. Malam Tanko ya ce a ƙyale shi, kowa da abin da ransa ba ya so. In ka bi ta wurin da hantsi za ka tarar da su biyun, tsoho na goge lemo da tsumma, tsuntsu a kan kafaɗarsa yana ɓare reshen zogale, ganyen na zubowa ɗaya ɗaya a kan rigarsa.